Hasumiyar Gobarau da Filin Kangiwa

Idan hunturu ya kama a Katsina, watau daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, akan sami safiyar da gari zai waye ba a ga rana ba. Hazo ya rufe ko'ina fari fat, sai ka ce ana tankaɗe a sama. Wanda ya tsaya a filin Kangiwa, ƙofar gidan Sarki, a irin wannan safiya, sai ya ji muryar mutum tun bai ga mai ita ba. Masu fitowa daga masallaci duk sun ƙudundune cikin mayafi, masu ƙosai sun hura wuta, almajirai sun kewaye ta suna jin ɗumi. Soron fada ma, da girmansa, ba a ganinsa sai inuwa-inuwa. In mutum ya bar filin ya kutsa cikin unguwa, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa, sai wani jan gini ya ɓullo masa daga cikin hazon, gindinsa da faɗi, kansa a tsuke. Wannan ita ce Hasumiyar Gobarau.

Shi hazon nan ƙura ce mai laushi ƙwarai. Iskar arewa maso gabas ce ke ɗebo ta daga cikin Sahara, yawancinta daga wani kwari da a ke kira Bodele, can bayan tafkin Cadi, inda a zamanin da ruwa ne kwance, ya ƙafe ya bar farar ƙasa. Sai ta yi tafiyar ɗaruruwan mil kafin ta sauka a kan rawunan Katsinawa. Daga wajen hamadar nan kuma garin ya sami yawancin abin da ya ɗaukaka shi, da raƙuma da gishiri da littattafai da malamai.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi. A manyan garuruwan Musulmi na ƙasashen nan, fada da masallacin Jumma'a maƙwabtan juna ne. Haka ya ke a Kano, haka a Zariya, haka a Agadas. A Katsina ma yau masallacin Jumma'a na cikin birni yana nan dab da fada. To, me ya kai hasumiya can ita kaɗai tsakanin gidajen mutane? Ina masallacin da aka gina ta dominsa? Amsar wannan tambaya tana da tsawo, sai mun koma baya shekara ɗari biyar da 'yan kai.

Kafin birnin Katsina ya zama abin da ya zama, sarautar ƙasar tana hannun Durɓawa, waɗanda kushewun sarakunansu ke can Durɓi ta Kusheyi, wajen Mani, tsibi-tsibi kamar tuddai. Masu ba da labari sun ce na ƙarshensu shi ne Sanau. Wai a lokacin nan al'ada ce sarki ya fito kokawa, wanda ya ka da shi kuwa ya gaje shi. Ana nan sai ga wani baƙo daga 'Yandoto, ana ce da shi Korau. Sanau yana da wani asiri da ya ke ɗaurawa, wanda saboda shi ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, sai Korau ya bi ta hannun matarsa aka raba shi da shi. Da suka haɗu a gindin wata tsamiya da a ke kira Bawada, Korau ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya yanka shi da wani gajeren takobi. Takobin nan shi ne Gajere, yana nan har yanzu cikin kayan sarautar Katsina. Gidan Sarki kuwa har gobe sunansa Gidan Korau, kuma duk sarkin da ya hau, Bahaushe ko Bafilace, Magajin Korau makaɗa ke ce masa.

Lissafin da aka daɗe ana bi ya sa sarautar Muhammadu Korau cikin ƙarni na 14. Amma malaman tarihi na baya, musamman marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan ƙasar, wanda ya yi bincike mai zurfi a kanta, sun ajiye shi cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 15, watau zamani ɗaya da Muhammadu Rumfa na Kano, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Wannan ya fi kwanciya a rai, don akwai hujja a rubuce. Cikin 1493 Shehu Jalaluddini Suyuɗi, babban malamin Masar, ya aiko da takardar nasiha zuwa ga sarakunan ƙasashen nan, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da sunansa. A jerin sarakunan Katsina kuwa Ibrahim Sura shi ke bin Korau. An haɗu dai a kan cewa Korau shi ne sarki Musulmi na fari, kuma gare shi a ke danganta ginin masallacin Gobarau.

A cikin shekarun nan ne wani malami ya keto hamada, Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan, wanda ya zauna Tawat. Mutum ne mai zafi a kan abin da ya gani daidai ne, bai iya ɓoye ra'ayinsa ba, har zaman Tawat ya gagare shi. Ya biyo ta Azbin, ya zo Katsina da Kano wajen 1492, ya rubuta wa Rumfa littafi a kan yadda sarki zai riƙe jama'a, sa'an nan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu. Katsinawa sun riƙe cewa ya karantar a Gobarau, waɗansu ma suna cewa da shawararsa aka yi ginin.

Akwai kuma labarin alƙibla, wanda kusan kowane yaro a birni ya taɓa ji. An ce da aka tashi aza harsashi sai gardama ta kaure tsakanin malamai, wannan ya ce nan ne gabas, wancan ya ce can ne. Cikinsu akwai wani baƙo, Malam Jodoma. Da abin ya ishe shi, har wani ya goranta masa baƙunci, sai ya ɗaga sandarsa ya nuna, ya ce a duba, mutane suka duba suka hangi Ka'aba ƙuru-ƙuru. A daidai wurin da ya tsaya aka gina hasumiya, aka ba shi limanci. Ba a daɗe ba hassada ta shiga, aka yi ta kai sukarsa wurin sarki har aka kore shi, ya tafi Guga, can kudancin ƙasar, ya rasu a can. Ko mutum ya karɓi labarin nan yadda ya zo, ko ya ɗauke shi hikaya, gardamar da ke cikinsa ta gaske ce, don gane alƙibla ba da awo ba aiki ne mai wuya. Makka ta fi Katsina kusa da arewa, saboda haka alƙiblar garin gabas ce mai ɗan karkata hagun, wanda ya bi mafitar rana kawai kuwa zai kauce, tun ba cikin hunturu ba, lokacin da rana ke fitowa ta wajen kudu. Batun hassadar malamai kuwa, wannan ba sai an nemo hujja ba.

Bari mu dubi ginin kansa. Tsawonsa yanzu kamar ƙafa 50 ne, watau wajen mita 15. Hawa-hawa ne, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, da matakala da a ke bi har a kai bisa. Ba dutse a ciki, ba ƙarfe. Da tubali aka yi shi, irin namu na gargajiya mai kama da kan sukari, wanda a ke mulmulawa da hannu a shanya a rana. Magini yakan jera su tsaye, gindi ƙasa, ya cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa wadda aka tattake da ciyawa aka bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki. Ba a ɗora sahu bisa sahu sai na ƙasa ya sha iska. Inda a ke bukatar itace sai a sa azara, watau tsagin giginya, don gara ba ta cinta da sauƙi. In an gama sai a bi da yaɓe, a shafe da makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, ita ce ke hana ruwa shiga, ita kuma ke ba gini wannan launi ja mai duhu.

Akan ji mutane suna cewa asalin hasumiyar ta ninka haka sau da yawa, har a kan hango ta daga garuruwa masu nisa. Babu shakka ta fi haka tsawo a da. Amma ƙasa tana da iyakar nauyin da ta ke ɗauka, in an ƙetare shi gindi ya buɗe. Hasumiyar Agadas, wadda ta yi suna cikin dogayen gine-ginen ƙasa na duniya, mita 27 ce, ita ma sai da aka ɗaure ta da itatuwa tun daga ƙasa har sama. Hubbaren Askiya da ke Gao, wanda aka gina a 1495, mita 17 ne. Duk su ukun dangi ɗaya ne, masu faɗin gindi da tsukakken kai, kuma duk suna kan hanyar da malamai da fatake suka bi. Wanda ya san waɗancan biyu zai iya kimanta iyakar inda Gobarau ta kai.

Aikinta na fari kiran salla. Ladan ya hau da asuba, ba lasifika, sai ƙarfin maƙogwaro, muryarsa ta bi kan rufin gidaje. Aiki na biyu tsaro. Ƙasar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, wanda ke bisa hasumiya yana ganin ƙurar dawaki tun suna nesa, ya yi kururuwa a rufe ƙofofi. An kuwa bukaci haka, gama Katsina da Kano sun yi ta gwabzawa cikin ƙarni na 16 da na 17, har Sarkin Kano Kutumbi ya rasa ransa a dalilin yaƙin Katsina a 1648, bayansu kuma ga Gobirawa. Sai dai ran da hazo ya sauka, mai tsaro da makaho duk ɗaya ne, ga shi kuwa rani shi ne lokacin hari.

Amma abin da ya fi ɗaukaka Gobarau karatu ne. Ahmadu Baba na Tambutu, cikin littafinsa na tarihin malaman Malikiyya, ya ambaci waɗanda suka zauna Katsina. Akwai Makhlufu Albalbali, wanda ya karantar a Kano da Katsina. Akwai Muhammadu ɗan Ahmadu Attazakhti, wanda ya yi karatu a Tambutu da Masar da Makka, a kan hanyarsa ta komowa Sarkin Katsina ya riƙe shi ya ba shi alƙalanci, ya rasu a nan wajen 1529. Shi ne Katsinawa ke kira Ɗan Takum. Waɗannan baƙi ne. Da aka shiga ƙarni na 17 sai gari ya fara haifar nasa. Aka yi Wali Ɗan Marina, malami mawaƙi, wanda maƙabartar da ke ɗauke da sunansa har yau a ke kai manyan gari, a can ma aka rufe Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Aka yi almajirinsa Wali Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595 ya rasu a 1667, ya yi sharhin Ishiriniya da waɗansu littattafai, unguwarsa Masanawa tana nan.

Wanda labarinsa ya fi ba da mamaki shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi. Ya yi karatunsa a ƙasashen nan, ya tafi haji, ya zauna Alƙahira. Gwani ne a ilmin hisabi da taurari, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda a ke tsara hatimi, watau gidajen lambobi waɗanda ko ta ina ka haɗa su, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za su ba ka. Ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Ka ga Bakatsine ya tafi garin Azhar, malaman can suna ɗaukar karatu wurinsa.

Yanzu mutane sun fi son su ce Gobarau jami'a ce. Kalmar ba ta yi laifi ba in ana nufin zurfin karatun, amma kada mai karatu ya zaci azuzuwa da ƙararrawa da jarrabawar ƙarshen shekara. Karatu ne irin na zaure, wanda har yanzu bai mutu ba. Almajiri ya zaɓi malamin da ya ke so, ya zo da littafinsa, ya durƙusa a kan buzu, ya karanta layi biyu ko uku, malam ya fassara ya warware. In ya sauke wannan littafi ya ɗauki na gaba, daga Ahalari zuwa Risala zuwa Askari. In malam ya ga ya ƙoshi sai ya ba shi ijaza, a rubuta sunan wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan, har a kai ga mai littafin. Masallaci shi ne cibiya, zaurukan malamai da ke kewaye da shi su ne makarantar.

Karatu ba ya zama inda babu abinci. Cikin 1591 rundunar Sarkin Maroko ta karya daular Songai, Tambutu da Gao suka shiga rikici, sai fataucin hamada ya karkato gabas, Katsina kuwa ta tare shi. Larabawan Gadamas da na Tawat suka kafa gidaje a birni, ga Wangarawa da suka riga su, ga Buzaye da ayarin gishiri. Ana fita da jan kilago da tufafi, ana shigo da takarda da alharini da takubba, goro kuma na zuwa daga Gwanja. Ana fita da bayi kuma, da yawa, wannan ma yana cikin dukiyar da ta gina garin, bai kamata a tsallake shi ba. Ganuwa, wadda a ke danganta ta ga Sarki Ali Murabus, ta kewaye gari da gonakinsa, da ƙofofinta: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa. Cikin ƙarni na 18 babu garin Hausa da ya kai Katsina ciniki.

Sai jihadi ya zo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, wuta ta kama ƙasar Hausa duka. A ƙasar Katsina mutum uku suka yi jagora, Ummarun Dallaje da Ummarun Dunyawa da Muhammadu Na Alhaji. Wajen 1807 birni ya faɗa hannunsu. Sarkin Haɓe Magajin Halidu ya ja da baya zuwa Ɗankama, aka bi shi can aka karya shi, an ce rijiya ya faɗa don baƙin ciki. Sauran jama'arsa suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi arewa, daga baya suka zauna Maraɗi. Har yanzu sarkin can Sarkin Katsina a ke ce masa. Ummarun Dallaje ya zama sarki a birni, ya riƙe har 1835.

A nan ne fili da hasumiya suka rabu. Ummarun Dallaje ya gina sabon masallacin Jumma'a kusa da fada, aka daina Jumma'a a Gobarau. Abin lura shi ne yawan abin da sababbin sarakuna suka riƙe na mutanen da suka kora. Sun zauna Gidan Korau. Sun riƙe Gajere da Gwauron Tambari. Sarautun Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi duk ba a kashe su ba. Masallaci ne kaɗai aka sake. A ganina dalilin a fili ya ke. Masu jihadi ba su ce gidan sarki ko takobinsa ne ya ɓaci ba, cewa suka yi an gauraya addini da al'ada, malaman fada kuwa sun yi shiru. Wanda ya zo da wannan magana ba zai so ya tsaya bayan limamin da ya ke zargi ba, a kan mumbarin da aka yi shekara ɗari uku ana yi wa sarakunan Haɓe addu'a. Sabon mulki yana son sabon mumbari, kuma yana son shi a ƙofar gida.

Ginin ƙasa kuwa ba ya bukatar a rushe shi, ya isa a ƙyale shi. Damina ɗaya ta wanke makuba, ta biyu ta buɗe tsaga, ta uku ruwa ya sami azara. Rufi ya rufta, bango ya zauna, maƙwabta su ɗebi ƙasar su yi tubali. Haka masallacin Gobarau ya narke a hankali, gidaje suka matso suka ci filinsa. Hasumiya ta fi jimiri saboda kaurinta, amma ita ma kanta ya zube, ta koma kamar ƙatuwar suri.

Garin ma duka ya ja baya. Haɓen Maraɗi ba su haƙura ba, kusan kowace shekara sai sun kawo hari, hanyar arewa ta zama abin tsoro, attajirai suka kwashe suka koma Kano. A farkon 1851 wani Bajamushe matafiyi, Dokta Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarimu, ya sauka Katsina zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ya kimanta kewayen ganuwa ya fi mil 13, amma mutanen da ke ciki ba su wuce 7,000 ko 8,000 ba, sun taru a kusurwa guda, sauran duk gonaki da kangaye. Ya ce in da rabin filin nan ma a cike ya ke a zamanin da, to, mutanen garin sun kai 100,000. Duk da haka ya shaida cewa a Katsina ne Hausa ta fi daɗin furuci, mutanenta kuma suka fi ladabi. Katsinawa ba su manta masa wannan ba.

Turawa suka iso a 1903. Gwamna Lugga ya biyo daga Sakkwato ya shiga ta Ƙofar 'Yanɗaka, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba a harba ko kibiya ba. Ba a jima ba suka tuɓe Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, suka ɗauko Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda ba ɗan gidan Dallaje ba ne, suka ba shi sarauta. Ya yi shekara 38 a kai.

Dikko mutum ne mai son gini da son ganin duniya. A 1921 ya tafi haji, ya bi ta Ingila. A zamaninsa aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Kilifod ya buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka yi karatu, kafin a mai da ita Kaduna a 1938, daga can kuma Zariya. Ita ma da ƙasa aka gina ta, ginin yana nan, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Dikko ya rushe masallacin Ummarun Dallaje ya gina na dutse a madadinsa, shi ya sa a ke ce masa Masallacin Dutse. Wajen 1930 kuma ya tara magina ya sa su tashi Gobarau daga kangon da ta zama. Ba su mai da ita tsawonta na da ba, sun tsaya inda suka ga gindin zai ɗauka.

Saboda haka abin da ido ke gani yau, cikinsa na Korau ne, jikinsa na waje kuwa aikin maginan Dikko ne. Waɗansu na jin haka sai ransu ya ɓaci, kamar an rage mata daraja. Ni ban ga abin ɓacin rai ba. Hasumiyar Agadas ma an sake ta a 1844, babban masallacin Jenne da duniya ke zuwa kallo a 1907 aka gina wanda ke tsaye yanzu, kuma kowace shekara mutanen garin kan fito kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi. Tsufan ginin ƙasa a wurin da ya ke tsaye a ke lissafa shi, da siffarsa, da hannuwan da suka yi ta karɓarsa daga juna. Abin da ya fi dacewa a yi mamaki shi ne sarkin da ya gaji masu jihadi shi ya ceci hasumiyar Haɓe. Shekara ɗari da ashirin sun wuce, zafin gaba ya huce, har an iya duban ta a ce ta Katsinawa ce duka.

Rayuwar gari dai ta zauna a Kangiwa. Wanda ke son ya ga haka ya zo ran salla. Tun da hantsi fili ya cika maƙil, yara a kan katanga da rassan itace. Sarki ya taso daga idi, 'yan bindiga na gaba suna ta ɓarin wuta, ga dogarai da jajayen riguna, ga 'yan lifida da 'yan sulke, kakaki da algaita na tashi, tambura na amsawa daga kan raƙuma. In ya iso Ƙofar Soro ya juyo ya tsaya ƙarƙashin laima, sai hakimai su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa da jama'arsa, su saki dawaki a guje, sai sun zo dab da shi su ja linzami su ɗaga hannu su yi jinjina. Daga nan Sarki ya yi wa talakawansa jawabi, a kan noma da zaman lafiya da sa yara makaranta. Muhammadu Dikko ya tsaya a wurin nan har 1944, ɗansa Usman Nagoggo har 1981, Muhammadu Kabir har 2008, sa'an nan Abdulmumini Kabir. Shekarar da salla ta faɗo cikin hunturu, ƙurar kofato kan haɗu da hazo har na bayan fili ba ya ganin komai sai kan laima.

Ita kuwa Gobarau ba a hawa a gabanta, ba a naɗi. Gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihin ƙasa waɗanda doka ta hana a taɓa, 'yan makaranta da baƙi kan zo su hau su hangi gari. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gari ya tumbatsa ya ƙetare ganuwa ta kowace fuska, benaye da hasumiyoyin siminti sun fi ta tsawo, kiran salla kuma ya koma bakin lasifika.

Ganuwar da Barth ya yi mamakin girmanta ta nuna abin da ke iya faruwa. Yawancinta ta tafi, an haƙe ta an yi tubali, an yanka wurinta fuloti, ƙofofin da suka rage kuwa an sake su da siminti. Ga hasumiya siminti ba magani ba ne. In an shafa shi a kan ƙasa ba ya kama ta, yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya kwanta a ciki ba hanyar fita, gini ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali waje na sheƙi. Abin da ta ke so shi ne abin da aka saba yi mata. In ruwa ya ɗauke cikin Oktoba a hau a duba inda ya zaizaye, a kwaɓa ƙasa a bar ta ta ruɓa, a toshe tsaga, a gyara indararo, a jiƙa makuba a shafe. Ba aiki ne mai cin kuɗi da yawa ba, amma yana son magini wanda ya san ƙasar da ta dace da wadda ba ta dace ba, ya san kwana nawa za ta yi a kwaɓe. Irin waɗannan magina sun yi ƙaranci a birni, yawancinsu sun tsufa, 'ya'yansu kuwa bulo suka koya.